Igiyar Dakta Mudassiru

"Ba haka ba, Malama. Kada ki cusa shi cikin wutar. Matso da shi kawai, wutar za ta zo ta same shi."

Dakta Mudassiru ke nan, maƙwabcina, yana kwance a kan tabarma a rumfar tsakar gidansa. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi sai ya ja da ƙyar, amma bakin nan bai daina koyarwa ba. Ni Asta, da na ƙare ƙuruciyata ina shugabar makarantar firamare, wai yau ni ake koya wa yadda ake riƙe ashana. Na haɗiye abin da ya zo min baki saboda mara lafiya ne, na sake ƙyastawa.

Zaren farko na auduga ne. Nan take ya kama, ya ci, ya bar toka mai laushi. Da na murza ta sai ta bi iska. Ƙaurinsa kamar na takarda.

"Yauwa. To ɗauki ɗayan."

Ɗayan shuɗi ne, daga igiyar shanyar matarsa Kubra na warware shi. Wannan da ya ji zafi sai ya takure, ya nannaɗe, ya narke, ya ɗigo baƙi ƙirin a kan daɓe. Da ya huce na taɓa, ya zama ɗan ƙwallo mai tauri kamar kashin akuya. Warinsa ya cika rumfar, har Kubra ta leƙo daga madafa tana toshe hanci.

"Kin gani?" in ji shi. "Wancan ƙasa za ta ci. Wannan kuwa, ko jikokin jikokinki suka tona, za su same shi yadda yake. Ni na yi shi, na san halinsa."

"Duk garin nan mun san halinsa," na ce. "Har shanu sun sani."

Bai ji haushi ba. Mutumin da bai iya jin haushi ba ma wani abin haushi ne.

"Ranar da za a sa ni a likkafani," ya ce, "duk ƙyallen da aka kawo, ki zari zare ɗaya ki yi masa abin da kika yi yanzu. In ya narke, kada ki yarda a rufe ni da shi."

"Ni? Mace, tsohuwa, in shiga tsakanin maza da gawarsu? Ina ƙaninka? Ina liman?"

"Uba tsoronki yake ji tun yana aji uku. Liman tsoron Uba yake ji. Kubra tsoron kowa take ji. Ke kaɗai ce a garin nan ba ki jin nauyin kowa."

"Yabo ne wannan ko zagi?"

"Sakamakon bincike ne."

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin babban kanal. Tun da aka jawo mana ruwan nan, ba wanda yake da wata magana sai tumatir da shinkafa. A gaishe ka da farashin kwando, a yi maka bankwana da farashin taki. A irin wannan gari aka haifi Mudassiru, tun kafin zuwan kanal, aka sa shi boko, ya zarce Zariya, ya zarce Ingila, ya karanto ilimin haɗa sinadarai. Da ya dawo ya kama aiki a wani kamfanin buhu da igiya a Kano.

A lokacin, buhun roba in ya sha ranar bazara ɗaya sai ya zama gari, ka ɗaga shi shinkafa ta zube a ƙafarka. Shi ya zauna shekara da shekaru a ɗakin gwaji yana ƙara wannan yana rage wancan, yana jan narkakkiyar roba da zafinta har ta miƙe ta zama zare. A ƙarshe ya samo zaren da rana ba ta ci, ruwa ba ya ruɓar da shi, gara ba ta kula shi, ƙato biyu su ja ba zai tsinke ba. Shi ya zaɓa masa shuɗin launi. Kamfanin ya yi suna, shi kuma aka ba shi agogon bango mai tambarin kamfanin. Na ga hoton bikin a jarida: manaja a tsakiya yana washe baki, Mudassiru can a gefe, an yanke rabin hularsa.

Da kamfanin ya rufe, kamar yadda 'yan'uwansa suka rurrufe a shekarun nan, sai ya tattaro littattafansa da matarsa da agogonsa ya dawo gidan ubansa, katanga ɗaya da ni. Allah bai ba su haihuwa ba.

Babu gidan da ba a amfani da igiyarsa. Da ita ake ɗaure bakin kwandon tumatir, da ita ake ɗinke buhun shinkafa, da ita ake turke akuya, da ita ake ɗaure tiyon injin ban ruwa in ya fashe. Na san dattawan da ita ce mazagin wandonsu. Igiyar Dakta, haka ake ce mata har a kasuwar Bunkure. Amma shi mai igiyar, Dakta Leda suke ce masa. Da farkon dawowarsa mata suka dinga kai masa 'ya'ya masu zazzaɓi, yana ce musu shi ba irin wannan daktan ba ne. Daga nan aka gama da shi. Daktan da ba ya allura, me zai tsinana wa mutane? A majalisa in ya buɗe baki sai a fara duban hanya. Mutanen da ba za su iya gaya maka me ke cikin maganin feshin da suke damawa da hannu ba, su ne suke kaɗa kai suna cewa boko ya taɓa shi.

Ƙaninsa Uba ya fi kowa iya kaɗa kan. Alhaji Uba mai injin casar shinkafa a Kura. Ni na koyar da shi, na san iyakar abin da ke cikin kan da yake kaɗawa. Ba ya zama a gidan yayansa. Da salla sai ya aiko direba da buhun gutsattsarin shinkafa, irin wadda ake ware wa masu ɗan wake da masu kaji, direban ya yi ta danna oda a ƙofar gida har sai unguwa ta fito ta shaida zumunci.

Kada a ɗauka ni ma na ɗauki Mudassiru waliyyi. Mutum ne da za ka gaishe shi ya tsaya tunanin amsa. Kuma na ga abin da na gani ranar saniyar Gidaɗo.

Gidaɗo Bafillace ne, rugarsu tana bayan kanal tun kakanni. In an yanke shinkafa yakan kora shanunsa cikin gonaki su ci ragowa. Wata farar saniyarsa, wadda ya fi ji da ita, ta fara ramewa, tana ci ba ya zama mata jiki. An yi jiƙo, an yi allura, a banza. Da aka ga za ta tafi aka sa mata wuƙa. Mahauci ya farka tumbi sai ga wani curi kamar kabewa, shuɗi, zaren yagaggun buhuna da guntayen igiya sun cuɗe sun toshe ko'ina. Gidaɗo bai yi hayaniya ba. Ya ɗauko curin a cikin ƙwarya, ya ratso gari da shi, ya dire a ƙofar Dakta. Ina tsaye a ƙofata.

"Dakta, ga kayanka," ya ce. "An ce ba ya lalacewa. Wallahi gaskiya aka faɗa."

Mudassiru ya tsuguna, ya zaro zare ɗaya daga cikin ƙazantar nan, ya naɗe a yatsu ya ja. Bai tsinke ba. Ya sake ja. To a nan na ga abin da ba zan manta ba: fuskarsa ta yi haske. Ɗan lokaci kaɗan, amma ta yi. Mutum an kawo masa abin da ya kashe dukiyar maƙwabcinsa, shi kuma abin da ya fara zuwa masa shi ne aikinsa ya yi kyau. Sai da ya ɗaga kai ya haɗa ido da Gidaɗo sannan hasken ya mutu. Bai sake dawowa ba kuwa.

Tun daga ranar ya shiga bin gonaki da sanda mai ƙusa a baki, yana tsintar shuɗin zare. Ya tsinta a kunya, ya tsinta a bakin kwalbati, ya tsamo a kanal. Garma ta juya ƙasa, wani ya fito. Mutane suka ce to, haukan ya nuna. Da ya shuka layin auduga a gefen gonarsa, a fegin da kowa yake sa tumatir, sai aka ce ya tabbata. Shi ya ba ta ruwa, shi ya cire ta. Ya kai wa Iyatu, mahaifiyar Gidaɗo, wadda ita kaɗai ta rage mai riƙe mazari a yankin nan, ta kaɗa masa. Ya ɗauki zaren ya kai wa wani tsohon masaƙi can wajen Dawakin Kudu. Aka saƙo masa sawaye, siraran ƙyallayen nan na saƙar hannu, Kubra ta haɗa su da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fito ba fari tas ba ne, launin nono ne, ga kaushi. Ya haɗa da 'yan igiyoyi uku na abawa, zaren auduga mai kauri, da Iyatu ta tuƙa, na ɗaurin kai da tsakiya da ƙafa. Ya ƙunshe ya ba ni ajiya, don ya san abin da ke gidansa, in Uba ya ɗaga murya, ya zama na Uba.

Ranar da ya kawo na gaya masa ra'ayina.

"Wannan ita ce tubar masu digiri. Ka cika wa mutane ƙasa da leda, sannan kai kaɗai ka je ka kwanta a auduga."

"Haka ne," ya ce. "Abin da na zuba ba zan iya kwashewa ba, na gwada. Amma ko ba komai kada in tafi mata da ƙari a jikina."

Na sa ƙunshin a ƙasan adakata.

Bai daɗe ba bayan darasin ashanar nan. Da hantsi ne, tsakiyar kakar tumatir, manyan motoci sun yi layi a bakin titi, 'yan lodi suna ta ihu. Ya ce wa Kubra yana sha'awar kunun tsamiya. Ta dama, ta tsaya fifita shi don kada ya ƙone shi. Da ta kawo ta tarar ya juya fuska wajen katanga. Salatinta na jiyo. Da na shiga kofin yana hannunta, ba ta ajiye ba, ba ta zubar ba. Ni na karɓa.

Kafin a ɗora ruwan wanka, ƙofar gidan da ko akuya ba ta tsayawa ta cika. Motar Alhaji Uba ta tsaya, wasu motocin suka tsaya a bayanta. Daga cikin gida ina jin su.

"An yi rashin masani."

"Kai, irinsu ba su da yawa a ƙasar nan."

"Ni kullum ina faɗa, ba mu san darajar Dakta ba."

Na gane muryar mai wannan maganar. Shi ne ya raɗa masa Dakta Leda. Kafin azahar har an ƙara masa girma, na ji wani yana cewa Farfesa.

Na koma gidana, na buɗe adaka, na ɗauko ƙunshin. Na ƙulle kwalin ashana a bakin mayafina.

Na tarar da su a rumfar tsakar gida, inda ya koya min ƙyasta ashana. Gawar tana ɗaki, an gama wanka. Liman yana tsaye, ga Baballe mai wankan gawa da haƙar kabari, hannunsa da almakashi, ga dattawa, ga Gidaɗo can baya ya dogara da sanda. Uba yana tsakiya, yana zaro wani yadi daga jaka. Da ya warware shi sai da rumfar ta yi haske. Fari fat, sumul, yana ɗaukar ido.

"Wannan," in ji Uba, ya ɗaga murya don na zaure su ji, "daga Makka na zo da shi. Da hannuna na tsoma shi a zamzam, na shanya a can. Don kaina na tanada. Amma Yaya ya riga ni, kuma ba ni da wanda ya fi shi. Na bar masa."

"Allahu akbar," in ji dattawa. "Zumunci ke nan." Wani har da share ido.

"Salamu alaikum," na ce. "Baballe, dakata da almakashin nan."

Suka juyo. Irin kallon da maza suke yi wa mace in ta shigo inda suke ganin nasu ne, na saba da shi tun ina zuwa taron hedimastoci ni kaɗai mace.

"Malama, sannu da haƙuri," in ji Uba. "Mata suna ɗakin can."

"Na san inda mata suke, Uba. Saƙon mamaci na kawo."

Ya ji sunansa babu Alhaji, ya ɗan taɓe fuska. Na kwance ƙunshin na shimfiɗa a kan tabarma kusa da nasa. Gaskiya kam, a gefen wancan, kamar tsumman goge tukunya.

"Ga likkafaninsa. Shi ya noma, shi ya sa aka kaɗa, aka saƙa. Ya bar wasiyya da shi za a rufe shi."

Uba ya ɗaga gefen sawayen da yatsa biyu. "Wannan? Haba Malama. Ga baƙi daga Kano a waje. A ce yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, an fita da shi a wannan buhun? Me za a ce da ni?"

"Da kai. To. Na ɗauka shi za a binne."

"Kin san Yaya a ƙarshen nan ba daidai yake ba. Kowa ya sani."

"Yanzu na ji kuna ce masa Farfesa a waje. Ku tsai da magana ɗaya."

Wani dattijo ya yi gyaran murya. "Malama, a bar zancen nan. Ƙyallen da ya sha zamzam ai ba a haɗa shi da komai."

"Ban raina zamzam ba, Allah ya tsare ni. Na sha, na yi kuka a wurin. Amma zamzam ba ya mai da roba ta zama auduga. A Makka ake sayar da yadin nan, ba a Makka ake saƙa shi ba."

"Roba?" Uba ya yi dariya. "Kin san nawa na..."

"Ban tambaye ka ba. Malam, kai ne liman. Me littafi ya ce?"

Liman ya dubi yadin, ya dubi sawayen, ya dubi Uba, wanda shi ya yi wa masallaci rufin kwano. Ya fi daɗewa a kan Uba.

"To, ai duka biyun farare ne, masu tsarki ne, duka ya halatta. Wasiyya kuma in ba ta saɓa wa shari'a ba, ana son a cika ta. Sai dai kuma ɗan'uwa shaƙiƙi yana da haƙƙi. Sannan an fi son a gaggauta, rana tana yi." Ya duba agogonsa. Mutum ya yi magana mai tsawo haka bai ce komai ba, wannan ma baiwa ce.

"Wa ya shaida wasiyyar ma?" in ji Uba. "Maganar mace ɗaya ce."

Sai aka ji murya daga bayan labulen ɗakin mata, ƙasa-ƙasa.

"A gabana maigidan ya faɗa. Ni na ɗinka."

Kubra ce. Tunda ta zo garin nan ban taɓa jin ta yi magana maza suna tsaye ba. Uba bai ko waiwaya ba.

"Baballe, yanka," ya ce.

Na riga Baballe. Na kama gefen yadin Makka, na ja zare da farce, ya biyo ni dogo, na haɗa da wasu na murɗa. "Uba, riƙe nan."

Ya riƙe. Ban san me ya sa ba, ina jin hannun ne ya tuna aji uku. Na zari na sawayen na fara da shi a gabansu: ya ci, ya zama toka, na hure. Sannan na ƙyasta wata, na matso da ita ƙarƙashin wanda ke hannun Uba. Ban cusa ba. Na bar wutar ta je ta same shi.

Zaren ya takure, ya yi baƙi, wutar ta haura da gudu. Wani ɗigo ya faɗo a bayan ɗaya hannun Uba ya manne.

"Wayyo! Wayyo Allah!" Ya yarfa, abin bai fita ba. Ya kai baki, ya goga a babbar riga, ya yi tsalle ɗaya har hularsa ta faɗi. Da ya ɓamɓare sai da ya taho da fata. Warin ƙonanniyar leda ya tashi a rumfar.

Baballe ne ya fara ja da baya.

"A'uzubillahi. Likkafani mai ɗigar wuta? Yana manne wa fata? Wallahi ba da hannuna ba."

"Subhanallahi," in ji dattijon zamzam. "Wannan ishara ce."

"Ishara ce," suka amsa.

Ba ishara ba ce. Roba ce, ta ji wuta ta narke, kamar yadda bokitin kowace mace a garin nan yake yi in ya matsa kusa da murhu. Amma ban gyara musu ba. Mutumin ya yi shekaru yana yi musu bayani da hujja suna duban hanya, yau ɗigo ɗaya a hannun Alhaji ya gama musu karatu. Nan take liman ya samo ƙarshen maganarsa, ya ce wasiyya ita ce gaba. Uba ya naɗe yadinsa yana hura hannu, bai dubi kowa ba. Daga can baya Gidaɗo ya ce, ba da ƙarfi ba, "Alhaji, adana shi da kyau. Ba ya lalacewa."

Na miƙa wa Baballe sawayen, na ɗora masa igiyoyin abawar nan uku a tafin hannu.

"Na kai, na tsakiya, na ƙafa. Ka ji?"

"Na ji, Malama. An gama."

Suka shiga ɗaki suka saki labule. Nan ne iyakata. Na koma wajen mata na zauna kusa da Kubra. Da aka fito da makara an lulluɓe ta da tabarma, ba mu ga komai ba sai ƙafafun masu ɗauka. Kubra ta kama hannuna ta matse. Na ce mata, "An yi masa yadda yake so." Na faɗa har da ɗan alfahari.

Bayan la'asar ina ƙofar gidana sai ga Baballe, ƙafafunsa duk jar ƙasa, yana fara'a irin ta wanda ya yi abin kirki yana jiran a yaba.

"Malama, an rufe Dakta lafiya. Ƙasa ta yi laushi, jama'a ta taru. Af, ga ma sauran kayanki." Ya laluba aljihu ya zaro igiyoyin abawa. Uku. Ɗaya ta tsinke biyu.

Na dube su a hannunsa.

"Da me kuka ɗaure shi?"

"Ai wannan ba ta da ƙwari, Malama. Ina ja ta kai sai ta tsinke. Na ce kada mu je hanya likkafani ya buɗe mu ji kunya gaban baƙi. Sai na leƙo na yanko igiyar shanya. Igiyar Dakta! Ai ita ba ta ba da kunya." Ya yi dariya. "Kowa ya ce dabara ta yi. Liman ma cewa ya yi, ka ga ikon Allah, abin da mutum ya ƙirƙira da hannunsa shi ya raka shi. Ai karramawa ce."

"A kabarin kun kwance?"

"Mun sassauta dai. Kin san ta in ta ƙullu."

"Kun fito da ita?"

"A fito da ita a kai ina? Tana ciki."

Yana tsaye yana murmushi. Na karɓi abawar.

"Sannu da aiki, Baballe."

"Yauwa Malama. Allah ya ji ƙansa."

"Amin."

Ban gaya wa Kubra ba. Da ta fito alwala ta ga igiyar shanyarta ta gajarce, ta tsaya tana kallon bakin da aka yanke. Sannan ta jawo ragowar ta ƙulla a ƙusa, ta shanya ɗankwalinta.

Washegari da safe na bi gefen kanal zuwa gonarsa. Audugar da ya bari ta fashe, ba mai cira. Na tona ƙasa mai laima a gindin ɗaya da bakin sandata, na sa igiyoyin abawar, na mayar da ƙasa na taka.

Sai da aka kwashe tumatir, aka fara gyaran fegi don shinkafar damina, na sake bi ta wurin. Na tona inda na taka. Gara ta yi hanyoyinta ta tashi, babu komai sai ƙasa. A karan audugar, sama kaɗan da inda na tsuguna, wani shuɗin zare ya naɗe, iska tana kaɗa bakinsa.